Ka Bar Ɗankwalin a Gida, Baba

Assalamu alaikum, Baba.

Ina gaishe ka gaisuwar 'ya, ina kuma gaishe ka gaisuwar uwa, tunda kai ka ɗora mini duka biyun ranar da ka raɗa mini sunan mahaifiyarka, sannan bakinka ya kasa faɗar sunan, sai dai "Inna". Allah Ya tashe ka lafiya gobe, Ya haɗa ka da direba mai haƙuri a hanyar Kumasi zuwa Ankara, Ya kai ka lafiya, Ya dawo mini da kai lafiya.

Akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, ko Hawa ƙawata ba ta sani ba. Ni ce na aika wa samarin nan masu fodkas, shirin hirar nan na intanet, bidiyonka. Kana ta gaya wa mutane a shago wai ɗaliban jami'a da kake wa ɗinki ne suka yi maka hanya, har ka kama hannun ɗaya ka yi ta sa masa albarka, shi kuma yana ta amin alhali bai san abin da ya yi ba. Ina zaune a bayanka ina ɗinka maɓalli, saura kaɗan in soke yatsana. Ni ce, Baba. Na buɗe shafi da wani suna, Tauraruwar Ayigya, don Allah kada ka yi dariya, na rubuta musu da Turancin da na yi ta gogewa ina sakewa. Na ce akwai wani tela a unguwar Ayigya Zango ta Kumasi, mai wasan barkwanci a gidajen aure da suna, wanda ya fi duk waɗanda suke kawowa. Ban ce ubana ba ne. Na ce ni dai mai son wasansa ce. Wannan ɗin ma ai ba ƙarya na yi ba.

Ka san ni da baki. In na buɗe shi a gabanka ba na iya kai magana ƙarshe, kai kuma ka cike wurin da wasa, mu yi dariya, a tashi. Shi ya sa na ɗauki biro, na kuma ari kujerar Hajiya, mahaifiyarka. Kai kake cewa in na ɗaure fuska kamar ta dawo duniya. To yau ta dawo. Zauna, ɗana, ajiye almakashin nan. Uwa ba ta barin ɗanta ya yi tafiya ba ta ce masa komai ba. Sai dai ita Hajiya da shekarunta take yi maka faɗa, ni kuwa ba ni da su. Abin da nake da shi kurakuraina ne, da kunnen da ya daɗe yana sauraron hirar masu barkwanci.

Duk lokacin da ka gan ni ina wanke-wanke na yi shiru, ka ce, "Inna ta tafi garin masoya, ku bar ta," to rabin lokacin ba littafi nake tunawa ba. Abin kunne na sauraron waya ne a ƙarƙashin hijabina. Na saurari na Ankara, na saurari na Tamale, na saurari na Najeriya har na iya yadda suke gaisawa. Hirar ta fi mini wasan kansa daɗi. A wasa mutum yana tsaye ne yana jifan jama'a da dariya. A hira kuwa yana zaune, kuma in mutum ya zauna wani lokaci yakan manta da fuskar aiki. Akwai wani da kowa ya san shi da ihu da zare ido, aka tambaye shi wa ya fara yi masa dariya a duniya. Ya yi shiru har sai da na ciro wayar na duba ko data ce ta ƙare. Can ya ce kakarsa ce, kuma makauniya ce, har ta rasu ba ta san yana zare ido ba. Na tsaya da soso a hannu, kumfa tana gangarowa gwiwar hannuna. A ranar na ce a raina, ina ma a zaunar da Babana haka, a tambaye shi, ya amsa da muryarsa. Domin na san muryar metin trotro, yaron motar haya, a bakinka, na san ta mai gidan haya, na san ta liman in mura ta kama shi. Taka ce ban cika ji ba.

Bari in fara da ƙananan abubuwa, don su ma suna kunyata mutum.

Ka ci abinci kafin ka shiga. Ka tuna ranar da aka tara iyaye a makarantar Malam, aka ce ni zan buɗe da karatu? Tsoro ya hana ni ko kurɓar koko. Aka miƙo mini makirfo, na yi bismilla, sai cikina ya riga ni karatun, lasifika ta kai shi har bakin titi. Kai ne ka cece ni, ka ɗaga murya daga baya ka ce, "Masha Allah, har da tajwidi!" Aka yi dariya, ni kuwa mako guda ban kalli kowa ba. Makirfon masu fodkas ya fi na Malam kunne. Yana jin haɗiyar yawu, yana jin tsaki, yana jin zobe in ya taɓa tebur. Kuma wannan ƙafar taka da take taka keken ɗinki ko babu keke a ƙarƙashinta, ka riƙe ta. Na taɓa jin hirar wani da yake kaɗa ƙafa, daga farko har ƙarshe kamar ana daka a maƙwabta.

Kada ka matsa wa kanka da Turancin da ba naka ba. Na ji ka jiya kana gwadawa a gaban madubin shago, kana murɗa harshe kamar mai karanta labarai. Wannan mutumin ban san shi ba, kuma ba shi suka gayyata ba. Ka yi Hausarka, ka zuba yaren Twi inda ya zo, ka yafa Turancin shago a kai. Haka muke magana, haka aka so ka.

Sannan dariyar mai tambaya, kada ka yarda da ita duka. Na lura yakan fara ta tun kafin baƙo ya kai ƙarshen magana, kuma iri ɗaya yake yi wa kowa. Aikinsa ne, ba laifi ba ne. Amma ita ce take sa mutum ya saki jiki ya yi nisa. Akwai waɗanda in na saurare su nake jin kunya kamar ni na yi. Mutum ya ga ana bubbuga tebur, sai ya riƙa shiga ɗakin gidansu yana fito da kaya: matarsa tana minshari, ƙanensa ya yi fitsarin kwance har ya girma. Kashegari a yanko wannan wurin kaɗai, a ɗora masa manyan haruffa, a sake shi. Doguwar hirar ba kowa yake kallo ba, gutsuren ne yake shiga kowace trotro. Shi baƙon ya koma gida da suna. Ƙanen nan kuwa ban san yadda ya fita sayen burodi da safe ba.

To nan ne na zo kan babban kuskurena, kuma saboda shi na ɗauki biron.

Bidiyon da na aika musu na Madam Ka-Gama ne. Kana da na ranar jajiberin Sallah da ka ɓuya a ƙarƙashin tebur masu kaya suna sallama, kana da na meti da fasinjan da ya yi barci ya wuce Oforikrom. Amma na zaɓi wanda kake ɗaura ɗankwali, ka riƙe ƙugu, ka bar mutum ya yi ta zuba, sannan ka dube shi daga sama har ƙasa ka ce, "Ka gama?" Shi ya fi yawan masu kallo, ina tsoron in na aika wani ba za su amsa ba. Ban yi tunani ba. Ko in ce na yi, na ture shi gefe.

Ranar da suka kira ka, ka sa wayar a bayyane don abokan hirarka su ji. Ka ce, "Ni? Ankara? Ko dai wani ne ya kai ƙarata?" Saurayin ya yi ta dariya, ya ce, "Papa, abu ɗaya kawai, ka zo mana da Madam. Kada ka manta ɗankwalin. Muna so mu ji inda ka samo ta." Ka ce, "Ai ita za ta riga ni shiga mota." Shago ya ɗauki shewa. Ni kuwa allura ta tsaya a hannuna.

Baba, duk Ayigya an san muryar wa kake yi. Mma ce, mahaifiyata. Ɗankwalin ma nata ne, koren nan mai ɗigon fari da ta bari a kan igiya ranar da ta koma gidan yayarta a Oforikrom. Amma Ayigya ba ta san inda maganar ta fito ba. Mu uku muka sani, kuma ina jin kana zaton mu biyu ne, don ina ƙarama a lokacin.

Ina tsaye a bakin ƙofa ranar. An dawo daga kai jaririn nan makwancinsa, ƙanena da bai kai ranar suna ba. Mata sun watse, Mma tana zaune a kan tabarma, an ajiye mata abinci ya huce. Ka shigo da ƙasar maƙabarta a takalminka, ka durƙusa, ka ce ta ci. Ba ta motsa ba. Sai ka fara yi mata muryar matar nan ta asibiti mai faɗa, kana ɗaga hanci, kana gyara gilashin da babu shi. Na san don ta ci kake yi. Na san ba ka da wani abu a hannunka da za ka ba ta sai shi. Ta bar ka har ka kai ƙarshe, sannan ta ɗago ta ce, "Ka gama?"

Ka tashi ka fita. Na bi ka shago ba ka gan ni ba. Ka zauna a kan keke kana ta takawa, rana tana dukan ƙyallen, na leƙa na ga babu zare a allurar. Ka daɗe kana ɗinkin. Ban taɓa gaya wa Mma na ga wannan ba, kuma da na gaya mata wataƙila da wani abu ya sauya. Wannan ma yana cikin abubuwan da na yi shiru a kansu.

Daga ranar maganar ta zauna a bakinta. Duk abin da ta kawo maka mai nauyi, ka mayar da shi wasa, ta ce ka gama. Har aka gama ɗin.

Ba ina rubuta wannan don in ce kai mugu ba ne. Na san daɗin da kake ji, don na ɗanɗana. A sukul ba ni da ƙawaye sai Hawa, ana ce mini kurma. Wata rana malami bai zo ba, wata yarinya tana ta cika baki a gaban aji, ban san lokacin da na riƙe ƙugu na dube ta na ce, "Kin gama?" ba. Da muryar Mma sak, har da ɗan karkatar da kan. Aji ya fashe. Waɗanda ba su taɓa sanin sunana ba suka riƙa dukan tebur suna cewa in sake. Na sake. Baba, wani ɗumi na ji ya taso daga cikina har kunnuwana, kamar an lulluɓe ni da bargo. Na yi mako ina yi musu. Ranar Asabar na je taya Mma sayar da koko a tashar Race Course kamar kullum, ta zuba mini nawa da ƙosai mai zafi ta ce, "Ci tukuna, kin rame." Na ture ƙosan gefe. Abin da na koya ke nan: dariyar mutane tana da ɗumi, amma ba ta tambayarka da itacen wa ka hura ta. Kai ne za ka tambayi kanka.

Kai ba ka zuwa Race Course da safe, bari in gaya maka abin da yake faruwa. Ranar nan muna cikin ciniki, layi ya yi tsawo, wani meti ya rataye a ƙofar trotro ya hango ta, ya ƙwala, "Ei, Madam! Ka gama?" Direbobi suka kwashe da dariya. Wani ya ce, "Wallahi ita ce, dubi yadda take tsayuwa!" Maame Akosua mai burodi, wadda teburinta yake jikin namu, ta ɗaga wuƙar yanka burodi ta ce, "Kwasiya! Wawa! Uwarka ce ta gama! Sauko ka faɗa a nan in ka isa!" Ita Mma ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta dubi wanda yake gabanta ta ce, "Da sikari ko babu?" Amma na ga koko ya zuba a yatsunta, mai zafi, ba ta ko yarfe ba. Da layi ya ragu na ce, "Mma, ki yi haƙuri." Ta ce, "Na me? Je ki wanko kofuna."

Wannan a Kumasi kaɗai ke nan, da bidiyon da aka ɗauka a gidan aure. In ka zauna a Ankara ka ɗaura ɗankwalin nan, aka yanko aka saki, ba tashar da za ta tsaya ba a san ta ba. Kuma za su yi maka tambayar, sun riga sun faɗa. Na san yadda suke yi. Sai an yi dariya an gaji, mai tambaya ya sassauta murya, ya matso, ya ce a gaskiya wace ce Madam. A nan hanya biyu nake gani a gabanka, duka ina jin tsoronsu. Ko ka ƙirƙiro labarin ban dariya, ka ce wata mace ce mai baƙin rai da ka taɓa aura, duniya ta yi mata dariya a kan ranar da ta fi kowace rana zafi a rayuwarta. Ko kuma kujerar ta yi maka laushi, ka faɗi gaskiya, ka ba su jaririn. Za su so wannan ƙwarai. Za su sa masa kiɗa mai taushi a ƙasa. Ni kaina da ban san ka ba da na yi kuka na tura wa Hawa. Amma labarin ba naka ba ne kai kaɗai, Baba. Rabinsa nata ne, kuma ba a tambaye ta ba.

Akwai hanya ta uku. Na taɓa jin wata mai barkwanci ta bi ta. Aka tambaye ta abin da ba ta son faɗa, ta ce wannan na gida ne, ta yi murmushi, ta yi shiru. Mai tambaya ya jira, ita ma ta jira. Shi ya gaji ya wuce gaba. Ba abin da ya same ta. Ni dai daga ranar na ƙara sonta.

Na san shiru shi ne abin da ka fi tsoro a duniya. In wuri ya yi tsit kamar ana tsikarinka. Ni kuma shi ne ɗakina, a ciki nake kwana. Amma kada ka ɗauka ina yabon shiru ne duka, don nawa ya taɓa cutar da ni. Ranar da Mma take haɗa kaya, kai kana tsakar gida kana ce wa mai ɗaukar kaya ya yi hankali da tukunyar nan, ta girme shi. Ita kuma ta dube ni ta ce, "Za ki bi ni, ko za ki zauna da Babanki?" Ina so in ce duka biyun. Ina so in ce kada ki tafi. Na tsaya ina kallon yatsun ƙafata. Ta jira, ta jira, sannan ta ce, "To, Allah Ya yi miki albarka," ta ɗauki shirun a matsayin amsa. Kai ka yi wasa, ni na yi shiru, kuma da na girma kaɗan na gane abu ɗaya muka yi. Don haka in an tambaye ka abu mai nauyi wanda naka ne, ka yi shirun, ba komai, makirfo ba ya cizo. Amma bayan shirun ka faɗi magana ɗaya ta gaskiya, ko gajeriya ce. In sun tambaye ka wa ya fara yi maka dariya, ka gaya musu. Ni ma ina so in sani.

Saura kuskure ɗaya, shi ne wanda na fi jin kunyarsa. Ka san littattafan da nake karantawa a waya, waɗanda kake cewa duk jarumin ciki dogo ne mai mota kuma ba ya zuwa aiki. A cikinsu in miji da mata suka rabu, akwai ranar da za ta ji muryarsa daga nesa, abin da ke hannunta ya faɗi, ta gane har yanzu. Na zauna na tsara muku wannan babin da kaina. Na ce Baba zai shiga shiri, zai sa farar rigarsa, zai yi magana mai daɗi, Mma za ta ji a wayar wani a tasha, ludayi ya faɗi. Har kalar atamfar da zan sa ranar da za ta dawo na zaɓa. Ina cikin wannan mafarkin na aika musu da bidiyon da ake yi mata dariya a ciki. Dubi wautar 'yarka.

Yanzu na daina tsara muku ƙarshe. Ba littafi ba ne ku, kuma ba ni na rubuta ku ba. Amma zan gaya maka abu ɗaya da na gani da idona, ka yi yadda ka ga dama da shi. Wata Asabar ciniki ya lafa, Maame Akosua ta kunna bidiyonka na jajiberin Sallah, wanda kake ƙarƙashin tebur kana ce wa mai kaya da muryar mace, "Tela ya tafi Makka." Mma tana goge teburi, ta ba mu baya. Na ga kafaɗunta suna rawa. Ta sa bakin mayafi ta toshe baki, ta ce, "Wannan mutumin, Allah Ya shirye shi. Wallahi haka ya yi, ina nan." Sai wayar ta wuce da kanta zuwa na gaba, koren ɗankwali ya bayyana. Maame ta yi sauri ta kashe. Mma ta ci gaba da goge wurin da ta riga ta goge.

Kana da abin ba su, ɗana, ba sai ka taɓa wannan ba. Ka yi musu metin. Ka yi musu mai gidan haya da yake ƙirga ɗalibai da takalman bakin ƙofa. Ka yi musu Hajiya tana waya da ihu don tana ganin Tamale da nisa, ita ta ba ka izini tun tana da rai, har cewa take ka sake. Ka yi musu kanka a ƙarƙashin tebur, don duk wasanninka ba wanda ya kai wanda kai ne abin dariyar. In sun ce ina Madam, ka ce ta yi ritaya. In sun ɓata rai, su ɓata. In ma sun ce ba za su saki hirar ba, ka dawo, ni zan zauna a gabanka da abin goge baki a matsayin makirfo in yi maka tambayoyin. Na iya su duka.

Na ga jakarka a kan gado tun da hantsi. Farar riga a ƙasa, hula, turare, sai ɗankwalin a ninke a sama. Ba zan ɓoye maka ba, na ciro shi. Na kai shi hancina, ban ji komai ba sai turarenka da zufar gidajen aure. Na yi niyyar cusa shi a bayan akwatina, ka isa Ankara ka neme shi ka rasa, shi ke nan. Sai na ga in na yi haka za ka ari na wata a can, kuma ba za ka taɓa sanin dalili ba. Na mayar da shi yadda na same shi.

Allah Ya tsare mini kai a hanya, Ya tsare ka daga sharrin ƙarfe da na baki, har da naka bakin. Ya sa ka zauna a kujerar nan da mutuncinka ka tashi da shi. Ya sa su yi dariya har su riƙe ciki, ba tare da kowa ya yi kuka a Oforikrom ba. Ya ji ƙan Hajiya da ta ara mini suna da kujera, Ya ji ƙan ƙanena. In ka isa ka kira, kada ka ce caji ya ƙare, na sa maka abin cajin a aljihun gefe.

Da na so in saka takardar nan a ƙarƙashin farar rigar, ka tsince ta a masauki, ka karanta ba na kusa. Haka ake yi a littattafaina. Amma na san ka, sai an ce a shiga za ka zaro rigar da gudu, takarda ta faɗi bayan gado. Kuma ko ka gan ta, ya zama na sake tsayawa a bakin ƙofa ina kallon yatsun ƙafata.

Ga shi ina jin ka a tsakar gida kana cewa, "Inna! Wa ya ga burushin takalmina? Ko shi ma ya riga ni tafiya Ankara?" Yana kan taga, inda ka bar shi. Zan kawo maka, in haɗa da wannan, hannu da hannu. Zan tsaya har ka karanta. In ka yi wasa zan jira wasan ya wuce, ba zan tafi ba.

In ka ciro ɗankwalin, ka ba ni. Zan wanke shi in goge, ranar Asabar in kai wa mai shi.

Taka, 'yarka kuma uwarka,
Inna